Ɓeran Masar Ya Fara Numfashi Da Ƙara: Matakan Da Za Ka Bi Kafin Ka Ce Asma Ce

Kusan duk wanda ya tambaye ni kan numfashin ɓeran Masar, da magana ɗaya yake farawa: "Ina jin asma gare shi." Sai ya shiga kwatanta mini ƙarar. Wani ya ce kamar fito, wani ya ce kamar ana taka busasshen ganye, wani ya ce minshari ne alhali idon dabbar biyu. Daga nan sai ya tambayi maganin da zai ba shi.

Asma ita ce suna na ƙarshe da ake sa wa wannan matsala, bayan an bincika komai an rasa. Gaskiya ne hanyoyin iskar ɓeran Masar suna saurin tsukewa, shi ya sa masu binciken magungunan asma suka daɗe suna gwaji da shi. Amma a cikin waɗanda ake kiwo a gida, abin da likitocin dabbobi suka fi samu shi ne ƙwayar cuta ta kama hanci ko huhu, ko ciwon zuciya, ko kuma ƙura da zarni sun addabi hanci. Biyun farko suna kisa, wani lokacin cikin 'yan kwanaki. Wanda ya zauna yana jiran asma ta lafa yakan wayi gari ya tarar da gawa a keji, kuma wannan ne nake so in kawar maka.

Ka tanadi waɗannan a wuri ɗaya tun dabbar tana lafiya: sikelin kicin mai nuna gram, sirinji na mililita 1 wanda aka cire allurarsa, ƙaramin tawul, akwatin ɗauka mai ramukan iska, ma'aunin zafin ɗaki, da ɗan littafi. Wayarka za ta yi aikin agogo da kyamara.

1. Tsaya ka kalla, kada ka ɗauka tukuna

Ɓeran Masar abin farauta ne a asalinsa, don haka yana ɓoye ciwo iya ƙarfinsa. Da zarar ka miƙa hannu zai zabura, numfashinsa ya ƙaru, ka rasa ainihin halin da yake ciki. Zauna kusa da kejin, ka yi shiru na minti 5, ka zuba masa ido.

Ta hanci kaɗai wannan dabba take numfashi. Idan ka ga ya buɗe baki yana jan iska, lamarin ya kai maƙura. Haka nan idan ya miƙe wuya ya ɗaga kai sama, ko kwiɓinsa yana shiga yana fita da ƙarfi kamar zugazugi, ko kansa yana gyaɗawa da kowane numfashi, ko leɓensa da dasashinsa sun koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ko ya kwanta ta gefe ya kasa tashi.

Gargaɗi: ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, tsallake sauran matakan ka tafi na 7 yanzu, ko da tsakar dare ne. Kada ka ɗura masa ruwa ko abinci, zai shaƙe su su tafi huhu.

2. Ƙirga numfashin, ka ɗauki bidiyo

Kalli kwiɓinsa, bayan haƙarƙari. Shiga da fita ɗaya numfashi ɗaya ne. Ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Mai lafiya yana hutawa yakan yi tsakanin 40 zuwa 100 a minti ɗaya. Tazarar tana da faɗi, shi ya sa yake da kyau ka san lambar naka tun yana lafiya. Wanda ya saba yin 60 ya koma 95, akwai magana ko da bai wuce iyaka ba. Kuma wahalar da yake sha wajen jan iskar ta fi yawan lambar muhimmanci.

Kashe fanka da rediyo, ka matso da waya ka ɗauki bidiyo na minti ɗaya yadda za a ji ƙarar a kuma ga kwiɓin. Sau da yawa da an isa gaban likita tsoro yakan sa ƙarar ta ɓace, sai bidiyon ya zama shi ne shaidarka.

3. Bambance ƙarar lafiya da ta ciwo

Ɓeran Masar dabba ce mai surutu, kuma sababbin masu kiwo sukan firgita da abin da ba komai ba ne. Ihun nan mai tsini da yake yi idan ya ji motsin leda ko an buɗe firji, roƙon abinci ne. Gurnanin da namiji yake yi yana rangaji a gaban mace ko abokin zamansa, nuna isa ne. Tari sau ɗaya ko biyu yana tsakiyar ci, haɗama ce ta sa ya ƙware. Atishawa jefi-jefi bayan ya tura kai cikin ciyawa ita ma ba abin damuwa ba ce.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce: surutu yana farawa ya tsaya, ƙarar ciwo kuwa tana bin numfashi sau da ƙafa. Idan kowane jan iska yana zuwa da ƙas-ƙas, ko fito siriri, ko kakari kamar ruwa a maƙogwaro, wannan daga hanyar numfashi yake. Ka kanga kunnenka a hankali kusa da hancinsa, sannan a gefen ƙirjinsa, ka ji inda ƙarar ta fi ƙarfi. Ta hanci takan ragu bayan atishawa. Ta ƙirji ba ta raguwa.

Akwai wata ƙara mai taushi, kamar kukan kurciya daga nesa, hu-hu-hu. Wani lokacin ɗan tsinken ciyawa ne ya maƙale a hanci, atishawa ɗaya ta fitar da shi. Idan tana dawowa, musamman ga wanda ya haura shekara 4, yana yawan kwanciya, yana barci mai nauyi har ka taɓa shi bai motsa ba, to a duba zuciya.

4. Duba fuska da hannuwa

Yanzu ka ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ba tare da matsewa ba, ɗaya a ƙarƙashin gindi. Ɗora shi kan tawul a cinyarka.

Gargaɗi: kada ka juya shi rigingine don ka ga cikinsa. Kwanciyar baya tana danne huhu, mai fama da numfashi kuma yana iya tafiya a hannunka.

Dubi kafofin hanci: akwai danshi, ko majina, ko busasshen ɓawo? Dubi idanu: ƙwantsa mai launin rawaya ko kore, ko ido ya manne, alamar ƙwayar cuta ce. Amma ɗigon farin ruwa kamar madara da ke fitowa a gefen ido lokacin da yake gyara jikinsa, wannan na lafiya ne, da shi yake wanke fuska. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne cikin ƙafafun gaba. Da su yake share hanci, don haka sau da yawa za ka ga hancin tsaf, amma gashin hannun ya cukurkuɗe da busasshiyar majina.

Haɓa a jiƙe da miyau tana nuna matsalar turamen haƙora. Kai a karkace yana nuna ciwon ya shiga kunne, domin ƙwayoyin da ke kama hanci sukan bi ta can. Ƙulluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi ko wuya yana iya zama ƙurji mai mugunya. Ciki a kumbure tamau kamar ganga shi ma yana tura huhu ya hana numfashi, kuma na gaggawa ne.

5. Sikeli, abinci, kashi

Sa shi a cikin roba ka ɗora a sikeli. Babban namiji yakan kai gram 900 zuwa 1,200, mace 700 zuwa 900. Hawa da sauka na gram 20 zuwa 30 a yini ba komai ba ne. Idan ya zubar da gram 50 ko fiye cikin mako guda, ciwon ya riga ya fara cin jikinsa. Daga yau ka riƙa auna shi kullum a lokaci ɗaya kana rubutawa.

Miƙa masa abin da ya fi so. Wanda hancinsa ya toshe ba ya jin ƙanshi, kuma tauna da numfashi a lokaci guda suna yi masa wuya, sai ya shinshina ya juya baya. Sannan ka dubi kashinsa: ya ragu, ya ƙanƙance, ko babu sam? Hanjin wannan dabba ba ya son tsayawa. Idan ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, ka haɗa ciwo biyu ke nan, kuma na hanjin yana iya riga na huhun kisa.

6. Gyara iskar da yake shaƙa

Wannan aikin yau ne, ko da gobe za ka ga likita. Sunkuya ka sa hancinka daidai inda nasa yake, ɗan yatsu kaɗan daga shimfiɗa. Na taɓa yin haka a kejin da nake ganin tsaf yake daga tsaye, zarnin da ya bugi idona sai da na yi hawaye, kuma a cikinsa dabbobina suke kwana. Zarnin fitsari yana ƙona fatar cikin hanci, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Kwashe shimfiɗar gaba ɗaya. Idan dusar katako ce mai laushi, ko ɓarzajjen icen sida, ko icen fain da ba a gasa ba, rabu da su: suna da ƙura, kuma man da ke ba su ƙanshi yana cutar da hanyar numfashi. Shimfiɗar takarda mara ƙura ko bargon ulu na roba da aka sa tawul a ƙarƙashinsa sun fi. Wanke kejin da ruwan ɗumi da ruwan khal (vinegar) da aka sirka, ka ɗauraye, ka bari ya bushe sarai. Dabbar ta kasance a wani ɗaki yayin da kake shara.

Busasshiyar ciyawa ita ce mafi yawan abincinsa, ba a janye ta. Karkaɗe ta a waje kafin ka zuba, ka zubar da garin da ke ƙasan buhu. Wadda take warin fumfuna ko ta yi danshi, a jefar da ita duka.

A ɗakin da yake, babu taba, babu turaren wuta, babu feshin ƙanshi ko na kashe ƙwari, babu kyandir mai ƙanshi, kuma a nisanta shi da hayaƙin girki. Zafin da ya fi dacewa da shi digiri 18 zuwa 24 ne. Daga 27 zuwa sama zafi kansa yana iya sa shi haki har ya suma, domin ba ya gumi. Iska ta riƙa zagayawa a ɗakin, amma kada fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa busa shi kai tsaye. Akwatin gilashi irin na kifi bai dace da shi ba, yana tara zarni a ƙasa.

Gargaɗi: kada ka shafa masa Vicks ko wani man mai yaji a hanci ko ƙirji, kada ka ajiye shi kusa da kejin. Abin da ke buɗe hancin mutum yana ƙona nasa, kuma zai lashe shi.

7. Kai shi wurin likitan dabbobi

Duk ƙarar da ke bin numfashi, ko majina, ko ƙwantsa, ko ƙin ci, a ga likita cikin awa 24. Kira kafin ka tafi, ka tambaya ko suna duba zomaye da ɓerayen Masar, domin ba kowane likitan karnuka da kyanwoyi ne ya saba da su ba. Idan numfashin ya tsananta, ka faɗa musu su shirya iskar oksijin.

Shimfiɗa tawul a akwatin, ka sa ciyawa kaɗan da yankan ganye mai ruwa. Ba a hana shi abinci kafin tafiya. Kada akwatin ya zauna a rana ko a rufaffiyar mota. Tafi da bidiyon, da littafin awo, da sunan shimfiɗar da abincin da kake amfani da su. Ka gaya wa likita idan ka kawo sabon ɓera kwanan nan, ko yana zama da zomo, ko kare yana kusantar kejin. Dalili shi ne ƙwayar Bordetella bronchiseptica, wadda zomo da kare suke iya ɗauke da ita suna yawo lafiya ƙalau, amma ta kwantar da ɓeran Masar da nimoniya. Ɗaya ƙwayar da aka fi samu ita ce Streptococcus pneumoniae.

Likita zai saurari huhu da zuciya, ya leƙa turamen haƙora da kunnuwa. Maganar kuɗi kuwa, ganin likita da maganin sha su ne masu sauƙi. Hoton ƙirji ya fi su tsada, hoton zuciya da gwajin majina a ɗakin bincike sun fi shi, kwana a asibiti da oksijin shi ne mafi nauyi. Faɗi ƙarfinka tun farko don a jera abin da ya fi muhimmanci. Idan abu ɗaya kawai za ka iya ƙarawa, ni hoton ƙirji nake zaɓa, domin shi ne yake raba nimoniya da zuciyar da ta kumbura ta tara ruwa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka yi ta ba shi maganin ƙwayoyin cuta zagaye uku alhali zuciya ce, an kashe kuɗin da ya fi na hoton, an kuma ɓata lokaci.

8. Magani: inda aka fi yin kuskure mai kisa

A nan nake roƙonka ka nutsu. Hanjin ɓeran Masar cike yake da ƙwayoyi masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. Wasu magungunan antibayotik suna kashe su, sai wata muguwar ƙwaya mai suna Clostridium ta samu fili ta zuba guba. Zawo ya ɓalle, dabbar ta mutu cikin 'yan kwanaki, alhali tarin da aka so a magance bai kai ga kashe ta ba.

Waɗanda ba a ba shi su ne penisilin, amoksisilin, ampisilin, Augmentin, kilindamaisin, linkomaisin, eritiromaisin, da dangin sefalezin. Wasunsu magunguna ne da ake samu a akwatin maganin gidaje da yawa, shi ya sa haɗarin yake da girma. Rubuta sunayen a littafinka. Idan aka rubuta maka ɗaya daga ciki, ka yi tambaya cikin ladabi kafin ka karɓa.

Waɗanda likitoci suka saba amfani da su sun haɗa da enrofuloksasin, wanda aka fi sani da Baytril, da haɗin tirimetofirim da salfa irin Septrin, da doksisaikilin. Ana auna su da nauyin jiki, don haka ban ba ka adadi ba, kuma kada ka ari na wani. Akan haɗa da meloksikam don raɗaɗi da kumburi. Idan zuciya ce, akan ba da furosemid don janye ruwa, tare da maganin ƙarfafa zuciya, kuma yawanci shan su na har abada ne.

Wajen bayarwa, naɗe shi da tawul yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, ka zura bakin sirinji ta gefe, a gibin da ke bayan haƙoran gaba, ka matsa kaɗan-kaɗan yana haɗiya. Ya kamata ka ga sauƙi cikin kwana 2 zuwa 3. Idan babu, koma a sake dubawa. Idan zawo ya fara ko ya daina ci gaba ɗaya, kira likita a ranar kafin ka ba da na gaba.

Gargaɗi: kada ka tsayar da magani don ƙarar ta ɓace a kwana na 4. Cinye kwanakin da aka yanka, waɗanda sukan kai mako 2 ko fiye. Ciwon da ya dawo bayan an katse magani ya fi na farko taurin kai.

9. Ciyar da shi da hannu

Idan sikeli yana sauka, ciyarwa ta koma wuyanka. Akwai garin abinci na musamman don marasa lafiya masu cin ciyawa, irin Critical Care na kamfanin Oxbow. In babu, jiƙa ƙwayoyin abincinsa na kullum a ruwan ɗumi har su narke, ka dama su kamar kunu mai kauri. Yanke ɗan tsinin sirinjin don ya wuce, ka goge bakin kada ya yanke shi.

Loma ɗaya kada ta wuce rabin mililita. Jira ya tauna ya haɗiye kafin ka ƙara. Ana ba shi duk awa 2 zuwa 3, ana neman babba da ya daina ci sam ya samu mililita 60 ko fiye a awa 24. Idan ya daina tauna, abincin yana zubowa daga baki, tsaya.

Jikin ɓeran Masar ba ya ƙera bitamin C, kamar dai na mutum, kuma ƙarancinsa yana raunana garkuwar jiki. Mai lafiya yana buƙatar miligram 10 zuwa 30 a kowane kilo na nauyinsa a yini, mara lafiya fiye da haka gwargwadon abin da likita ya ce. Yankan tattasai yana da shi da yawa. Kada ka zuba bitamin a kwalbar ruwa: yana lalacewa da sauri, yana canja ɗanɗano, dabbar ta ƙi sha a lokacin da ta fi buƙatar ruwa.

10. Abokan zamansa

Auna su duka, ka saurari numfashin kowane. Waɗanda suka daɗe tare sun riga sun shaƙi abin da ya shaƙa, kuma kaɗaici yana sa mara lafiya ya ƙara ƙin ci, don haka akan raba su da ragar waya kawai yadda za su ga juna, sai in likita ya ce a nisanta. Sabon zuwa kuwa ya yi mako 2 zuwa 3 a wani ɗaki dabam kafin a haɗa shi da kowa. Wanke hannu tsakanin keji da keji. Zomo ya samu nasa wurin.

11. Idan an duba komai, ƙarar tana nan

Sai yanzu maganar asma ko alaji ta taso. Hoton ƙirji tsaf, zuciya lafiya, haƙora daidai, nauyi bai sauka ba, yana ci, amma fiton yana zuwa yana tafiya. Aikinka shi ne gano abin da ke tayar da shi, kuma littafin nan ne zai nuna maka.

Canja abu ɗaya tak, ka jira mako 2, kana rubuta ranar da ƙarar ta zo da abin da aka yi a ɗakin kafin ta zo. Fara da ciyawa, domin ita ce ta fi ƙura: gwada wani kamfani ko wani iri. Sannan shimfiɗa. Sannan sabulun da kake wanke bargo da shi, ka koma mara ƙanshi kana ɗauraya sau biyu. Sannan ɗakin kansa, musamman in bangonsa yana da danshi. Wanda ya canja komai rana ɗaya, ko ya dace ba zai san mene ne ya yi aikin ba.

Likita yana iya ba da shawarar nebulaiza, na'urar da ke mayar da ruwan magani hazo. Ana sa dabbar a akwatin ɗauka, a rufa tawul a bar gefe ɗaya a buɗe, a saki hazon ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin 100 na minti 10 zuwa 15. Tsaya a kansa har a gama. Idan ya firgita ko numfashin ya ƙaru, kashe na'urar. Wanke kofinta ka busar bayan kowane amfani, in ba haka ba ƙwayoyin cuta za ka riƙa busa masa.

Gargaɗi: kada ka fesa masa Ventolin ɗinka, maganin asma na mutane, ko ka ba shi maganin siteroyid da kanka. Na farko yana sa zuciya gudu, abin da zai iya kashe mai ɓoyayyen ciwon zuciya. Na biyu yana danne garkuwar jiki, ƙwayar da take kwance ta tashi.

Ko bayan likita ya tabbatar alaji ne, ka ci gaba da awo sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ranar da fiton da ka saba ji ya zo tare da ƙwantsa, ko majina a hannu, ko sikeli ya nuna gram 50 sun tafi, koma mataki na 7 a ranar.